Mai Alli da Jakar Mijinta

Duk wanda ya shiga shagon Mai Alli neman jaka, kalma ɗaya zai fara ji bayan an gama gaisawa: "Zazzage." Ba ta nuna wa kowa hoto, maganar launi ma sai daga baya. Wani faffaɗan tebur ne a tsakiyar shagon, an shimfiɗa masa takarda mai kauri ruwan ƙasa, a kansa mutum zai juye duk abin da ke cikin tsohuwar jakarsa. Ita kuma sai ta ɗauki alli ta bi kowane abu da zane: mukullai, tabarau, cajar waya, kwalbar magani, har ledar alewar da aka manta da ita tun bara. Daga wannan zanen take fitar da sabuwar jaka, kowane abu da aljihunsa, cif-cif. Abin da hannu ke yawan nema tana sa shi kusa da baki, wanda ake ɓoyewa kuma can ciki inda ido ba ya kaiwa. Allin nan ne ya ba ta suna, har ya danne sunanta na gaskiya.

Ba kowa ke yarda da sauƙi ba. Akwai manyan mutanen da sukan rungume jaka kamar za a ƙwace musu ɗa, suna cewa ai ba sai an kai ga haka ba. Ba ta gardama da su. Takan ce, "Likita ma sai an buɗe masa baki yake ganin haƙori," ta koma kan aikinta, ta bar mutum tsaye har ya gaji ya juye don kansa. Kuma da hannunta ba ta taɓa zuge zif ɗin jakar wani ba. Wannan doka ce ta kafa wa kanta tun ranar da ta buɗe shagon.

In ka tambaye ta asalin abin, mahaifiyarta za ta ba ka labari. Tana 'yar firamare take ganin matar nan tsaye a ƙofar gida, ana tafka ruwan sama, hannunta ya nutse har gwiwa cikin wata jaka mai zurfin rijiya tana laluben mukulli, yara suna rawar sanyi a bayanta. Tun lokacin ta ƙullaci duk jakar da ba a yi ta daidai da mai ita ba. Da ta girma ta karanta zanen kayayyaki a kwaleji, ta yi aiki a wani kamfanin jakunkuna inda ake manna zif don ado kawai, ka zuge ka tarar babu aljihu a bayansa. Ta daure iya daurewa, ran nan ta tattara almakashinta ta yi gaba. Ta kama wannan shago, ta ɗauko ƙanwarta ta ɗora a kan keken ɗinki, ita kuma ta riƙe alli da yanka.

Takardun awon ba ta zubar da su, jikin bango take mannawa. Wata mata mai gidan nunin zane-zanen zamani ta taɓa zuwa a yi mata jaka, ta ɗaga kai ta ga bangon, ta manta abin da ya kawo ta. Ta yi ta roƙo har aka ba ta aron wasu, ta sa musu gilashi ta rataye a wani farin ɗaki mai sanyi. Mai Alli ta je kallo, ta tarar da mutane tsaye suna shafa haɓa gaban zanen cokali da tsinken sakace na wani direban tasi. Dariya ta so ƙwace mata, amma a ranta ta ji daɗi, har sabon mayafi ta saya don zuwan. Tun daga nan ɗalibai suke yi mata sintiri suna tambayar inda take samo basira. Amsarta ba ta canzawa: "A jakar mutane. Ku kuna zaune kuna jiran tunani ya sauko muku daga sama, alhali yana rataye a kafaɗar maƙwabcinku."

Tana da cika baki, wannan ba ɓoyayyen abu ba ne. Takan ce a ba ta jakar mutum ta faɗi ko shi wane ne, kuma abin haushin, da wuya ta kuskure. Sai dai wanzami ba ya son jarfa, gidansa ma ba a cika yin ta ba. Jaka ɗaya ce a garin nan ba ta taɓa hawa teburinta ba, ita ce ta mijinta.

Mijin nata ma'aikacin gidan ruwa ne, aikinsa bin gidaje yana karanta mita, shi ya sa unguwa kaf ke kiransa Baba Mita. Dogo ne siriri, mai guga a tufafi da ƙarancin magana. Jakarsa baƙa ce, wadda wurin aiki suka ba shi tun yana da gashi a ka, kusurwoyinta duk sun goge. Duk sanda ta yi masa tayin sabuwa sai ya ce, "Jakar aiki ce, ba ta ado ba." Ta ƙyale shi, don a lokacin jakar tana da aikin yi, shi ma haka.

Sai ritaya ta zo. Aka yi masa ɗan taro a ofis, aka ba shi agogon bango, ya dawo gida. Washegari ta ga ya tashi da wuri kamar kullum, ya goge riga, ya rataya baƙar jakarsa ya fita. Ta ɗauka sabo ne, kwana biyu zai daina. Bai daina ba. Kullum ya fita da safe, ya dawo da azahar, ya zauna gaban rediyo ba don yana saurare ba. Abinci sai ya tsakura ya ture. Wuyan rigarsa ya fara yi masa yawa. Wata maƙwabciya ce ta tsegunta mata cewa tana ganinsa zaune a benci a tashar bas ɗin da ke kallon tsohon ofishinsu, jaka a kan cinya, motoci suna zuwa suna tafiya bai hau ko ɗaya ba.

Tsoro ya kama Mai Alli, tsoro na gaske. Haka mahaifinta ya yi da ya bar aiki: babu ciwon da likita ya gano, zama kawai ya yi ta yi yana ƙanƙancewa har ya tafi. Ta rantse a ranta ba za ta sake kallon wannan da idonta ba. Ita kuwa hanya ɗaya ta sani ta gane abin da ke damun mutum.

"Malam, gobe ka biyo ta shago in yi maka awo."

"Awon me?"

"Jaka mana. Wannan ta yi ritaya tun kafin kai."

"Tana nan lafiya lau."

"Ita ko kai?"

Ya ƙara ƙarar rediyo. Amma wanda ya san Mai Alli ya san ba a rufe mata baki da rediyo. Da safe ta yi maganar, da rana ta yi, wajen zuba shayi ta yi, har ta kai da ya ga ta buɗe baki sai ya miƙe. Ran nan da hantsi, shagon babu kowa sai ita da ƙanwarta, sai ga shi ya shigo ko sallamar kirki babu. Ya tsaya gaban teburin, ya zuge zif da ƙarfi, ya kife jakar.

Tsoffin jaridu ne suka zubo, a dunƙule, irin yadda ake cusa wa sabon takalmi don kada ya lotse. Babu biro, babu littafi, babu komai. Jakar ta faɗi a gefe shafal kamar an sace wa taya iska.

"To, ga shi," ya ce. "Zana."

Ƙarar keken ɗinki ta tsaya. Mai Alli tana riƙe da alli, ta bi jaridun da kallo. Ya tattara jaridunsa ɗaya bayan ɗaya ya mayar, ya daddanna jakar har ta cika ta yi fam kamar da, ya rataya ya fita. Tausayinsa ya cika mata ciki, ta kuma ji haushin kanta da ta sa shi yin haka gaban ƙanwarta. Ta ɗauke takardar da ke kan teburin, wadda ko ɗigon alli babu a kanta, ta manna a bango ta bayan inda take zama.

"Yaya, da kin bar kaza cikin gashinta," ƙanwar ta ce a hankali.

"Kazar ce ake figewa a tsaye ina kallo. Taka kekenki."

Bayan 'yan kwanaki mai gidan nunin ta biyo, idonta ya faɗa kan takardar nan da babu komai a kanta. Ta ce wannan ta fi duk sauran magana, a ba ta ita ta sa a tsakiyar ɗakin nuninta. Mai Alli ta ce mata wannan ba a gama ta ba, ta jawo wata hira.

Tunda jaka ta ƙi faɗa mata komai, sai ta koma kallon mutumin. Shekara da shekaru tana kallon kayan baƙi, ba ta taɓa zama ta kalli hannun mijinta ba. Da ta kalla kuwa, ba ta sha wuya ba. Sun je asibiti duba wata 'yar'uwa, a barandar jira akwai famfon wanke hannu yana ɗiga. Mutane da yawa suna zaune ba wanda abin ya dama. Shi kuwa ya kalla, ya kawar da kai, ya sake kallo, can ya miƙe kamar mai miƙe ƙafa, ya je ya murɗa shi, ya kara kunne, ya tsuguna ya leƙa ƙarƙashi. Da ya dawo ya zauna yana goge hannu da hankici, ta ga fuskarsa ta saki, irin sakin da rabonta da gani tun kafin agogon bangon nan ya shigo gidansu.

Daga nan abubuwa suka riƙa dawo mata. Ta tuna yadda yakan makara dawowa daga aiki, in ta tambaya ya ce wata tsohuwa ce famfonta ke zuba, mita tana ta gudu a banza. Ta tuna ranar da suka kai ziyara gidan surukan 'yarsu, aka neme shi aka rasa, ashe yana bayan gida da aron filaya. Ita duk tana ɗaukar wannan shisshigi ne. Ashe karatun mita shi ne aikin da ake biyansa, wannan kuwa shi ne wanda hannunsa ke so.

Ta tafi wajen mai sayar da kayan famfo a bakin kasuwa, ta ce ya ara mata sifana da filaya da sukundireba da tef da 'yan robobin nan masu kama da zobe. Ya ce ai sayarwa yake yi, ba aro ba. Ta ce ya tsaya a kanta in yana tsoro, ta shimfiɗa wata takarda a kan kantarsa ta zana su, ta miƙa masa kayansa ta yi godiya. Ba ta sayi ko ɗaya ba, kuma da gangan ta yi. Ta zaɓi fata mai kauri wadda ruwa ba ya ci, ta yi mata faffaɗan maratayi saboda kafaɗarsa ta hagu da ke damunsa, ta ninka ɗinkin gindin. Ƙanwarta tana ɗinki tana gunaguni.

"Yaya, ke da bakinki kike cewa ba a yi wa abin da babu aljihu."

"Akwai su. Ba su iso ba ne."

"In ya ji haushi fa?"

"Ya ji. Mai haushi ai da ransa."

Ya ji kuwa. Ranar da ta ajiye masa jakar a kan tebur bayan cin abincin rana, ya ɗauka ya jinjina, ya shinshina fatar, har ya fara murmushi. Sai ya zura yatsu cikin dogon aljihun farko, ya bi siffarsa har ƙasa. Ya zura a na biyu. Murmushin ya ɗauke.

"Wannan na sifana ne."

"Ido ba mudu ba, ya san ƙima."

"Ni kika mayar ɗan gyaran famfo? Ina ma'aikaci da katin shaida a wuya, ana buɗe mini ƙofa ana ba ni kujera, yanzu in riƙa bin gidajen mutane ina tsugunno a ƙarƙashin wurin wanke-wanke?"

"Da ma kana yi, Malam. Da aron kaya kake yi."

Ya ɗauki jakar ya rataye ta a ƙusar bayan ƙofa, inda ake rataye lema, washegari ya fita da baƙarsa. A shago Mai Alli ta gaya wa ƙanwarta cewa jakarta ba ta yi kuskure ba, mai ita ne bai iso ba tukuna. Ta faɗa da ƙarfi kamar yadda ta saba. Amma duk sanda ta shiga gida ta ga jakar nan a rataye ƙura na hawanta, sai ta tuna in wannan bai yi ba, ba ta da wata dabarar.

To, mai cika baki ba ya rasa ƙarin bayani. Wata safiya bayan ya fita, ta ɗauko filayar da take matse maɓallan jaka da ita, ta shiga kicin ta kama wuyan famfon ta murɗe shi baya iya ƙarfinta. Ya fara ɗiga. Ta ga ɗigar ba ta da murya, sai ta kifa kwanon silba a ƙarƙashi. Nan da nan gidan ya ɗauka: ƙwal, ƙwal, ƙwal.

Ya dawo da azahar, ya tsaya a ƙofar falo, kunnensa ya tashi. Ya kalle ta, ta kalli silin. Ya zauna ya kunna rediyo. Kwana ɗaya, biyu, abin ya zama gasar taurin kai. Shi yana ƙara ƙarar rediyo, ita tana canza kwano zuwa wanda ya fi amo. Tana lura da yatsunsa a kan hannun kujera, suna motsi su kaɗai kamar suna murɗa wani abu. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana lissafa ruwan mutane, a ce ruwa na zuba a banza a cikin gidansa, ai azaba ce.

Ran da ya kasa daurewa, tana yanka albasa ya shigo kicin. Ya murɗa famfon da hannu, ɗigar ta ƙaru. Ya tsuguna ya duba, ya ga shatin haƙoran filaya a jikin ƙarfen.

"Wanda ya kwance famfon nan ko ɓarnar ma bai iya ba. Ya cinye robar gaba ɗaya."

"Allah ya shirye shi," in ji ta, tana ta yankanta.

Ya fita babu jaka ko ɗaya a kafaɗarsa. Ya dawo da sabuwar sifana da 'yan robobi a leda, ya naɗe hannun rigar da ya goge da safe, ya duƙufa. Ba a jima ba gidan ya yi tsit. Ya miƙe yana riƙe da sifanar, ya waiga dama, ya waiga hagu, yana neman inda zai ajiye ta. Ta wutsiyar ido ta ga ya nufi bayan ƙofa, ya hure ƙurar jakar, ya zura sifanar cikin dogon aljihun. Ta shige sumul, ta zauna daram. Ya zaro ta, ya sake zurawa. Mai Alli ta ce albasar nan akwai yaji, ta goge ido da bayan hannu.

Sauran ba ita ta yi ba. Maƙwabciyar nan da ta tsegunta mata zancen benci ita ta fara turowa a tambaya ko Baba Mita zai duba mata tankinta. Daga ita sai mai gidan burodi, sai makarantar yara ta bayan layi. Filaya ta zo ta shiga aljihunta, sukundireba ma haka. Har yanzu yana goge rigarsa kafin ya fita, kuma in an kira shi mai gyaran famfo yakan gyara wa mutum zance ya ce shi duba ruwa yake yi. Amma ya koma cinye abincinsa har ya nemi ƙari, ya koma ba ta labarin gidajen da ya shiga ko ba ta tambaya ba. Baƙar jakar ita ta koma kan ƙusa.

Bayan wasu watanni, wata ranar da shagon ya cika, ga ɗalibai biyu da littattafansu, ga wata malamar asibiti tana jiran awo, sai Mai Alli ta ɗaga kai ta hango mijinta a ƙarshen layi. Bai tsallake kowa ba, yana tsaye yana jira kamar baƙo. Fatar jakar ta yi duhu wajen da hannu ke kamawa, wani ƙaton ƙarfen kama bututu ya leƙo ta sama ya hana zif rufuwa. Da layi ya zo kansa ta gyara tsayuwa.

"Malam, lafiya?"

"Ƙorafi na kawo. Jakar nan taki ta yi kaɗan. Da ka kika yi awon, ba da ido ba. Ina zan sa wannan? Tocila ma babu wurinta, ga waya ana ta kira sai na tono ta daga ƙasa."

Ɗaliban suka kalli juna, don ba su taɓa jin wanda ya kushe aikin Mai Alli a gabanta ba. Ya kama gindin jakar zai kife.

"Dakata," ta ce.

Ta juya bangon bayanta ta ɓanɓaro takardar nan da babu komai a kanta, gefenta har ya fara naɗewa. Ta shimfiɗa ta a kan teburin, ta shafe ta da tafin hannu. Ya kalli takardar, ya gane ta, ya kalli matarsa. Ƙanwar ta ɗauke ƙafa daga kan keke.

"Zazzage."

Kayan suka zubo da ƙara, ƙarfe a kan ƙarfe, har wata roba ta gangara ƙasa ɗaya daga cikin ɗaliban ya bi ta. Ga sifana duk ta ci aiki, ga tef saura kaɗan, ga tocila, ga tsumma, ga alewa guda da wani yaro ya ba shi a makarantar bayan layi. Sai da ta jera su da dabara kafin takardar ta ɗauke su duka. Ta ɗauki alli ta fara da sifanar. Layin farko ya ɗan karkace, abin da ƙanwarta ba ta taɓa gani ba, ta goge da yatsa ta sake.

"Alewar ma a yi mata aljihu?" ta tambaya ba ta ɗago ba.

"A yi mata," ya ce. "Kullum sai sun ba ni."